Ramin Iyafis da Rediyon Cikin Waya: Muhawarar Cire Shi a Mahangar Sabon Birni da Isa

Tsakure

Tun daga 2016 manyan kamfanonin ƙera waya suka shiga toshe ɗan ramin nan mai faɗin milimita 3.5 da ake soka iyafis mai igiya. An yi ta ja-in-ja a kan haka a Amurka da Turai, sai dai yawancin zancen ya tsaya ga daɗin sauti da tsadar abin kunne marar igiya. Wannan takarda ta ɗauko maganar ta kawo ta Sabon Birni da Isa, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, inda igiyar iyafis take zama eriyar rediyon FM na cikin waya, inda kuma caji abin saye ne. Takardar ta bi asalin ramin, ta auna hujjojin masu cire shi, ta waiwayi lokacin da aka yanke layukan sadarwa a Satumban 2021, sannan ta nuna inda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa take da ikon sa baki.

1. Gabatarwa



Abin da ya sa ni rubuta wannan takarda na gan shi ne a rumfar wani mai gyaran waya, ranar kasuwar Sabon Birni. Ina zaune ina jiran a sauya mini gilashi, sai ga wani dattijo da sabuwar waya ƙunshe a leda, wadda ɗansa ya aiko masa daga Legas. Ya kwance ledar, ya ciro tsohon iyafis ɗinsa daga aljihun gaba, igiyar an naɗe ta da salatif a wurin da ta ɓare. Ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, ya bi gefenta da ɗan yatsa, sannan ya miƙa wa yaron.

"Ɗana, duba man wagga, ramin nata ya toshe."

Yaron ya duba, ya ce, "Baba, ba toshewa yay yi ba. Haka anka yo ta, ba ta da shi."

Dattijon ya yi shiru yana kallon igiyar da ke hannunsa. Can ya ce, "To in sabis ya ɗauke, da mi za ni jin labaru?"

Yaron ya ɗauko masa wani ɗan farin akwati mai abin kunne biyu a ciki, ya ce wannan ake sa mata. Tambaya ɗaya dattijon ya yi, ko shi ma sai an yi masa caji. Da ya ji amsa, sai ya mai da wayar cikin leda ya ƙulle.

Tambayoyin nan biyu, na sabis da na caji, su ne ginshiƙin wannan takarda. Kafin in shiga cikinsu, bari in ɗan kwatanta wurin ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, a tsohuwar ƙasar Gobir. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum 207,599, Isa kuwa 146,103. Noma da kiwo da aikin fadamar gulbin Rima su ne rayuwar jama'a. Tsallaken iyaka Jihar Maraɗi ce, inda Gobirawan Tsibiri suke, kuma auratayya da cin kasuwa ba su taɓa yankewa tsakanin ɓangarorin biyu ba. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi yankin, sun tashi ƙauyuka, dubban mutane sun yi gudun hijira zuwa Gidan Runji da kewaye. A irin wannan wuri, jin labari kan lokaci yana cikin abin da mutum yake tsare ransa da shi.

2. Inda ramin ya fito

Asalin filogin da muke magana a kai ya girmi rediyo. Kakansa mai kaurin milimita 6.35 an fara aiki da shi ne a ƙarshen shekarun 1870, a teburan haɗa kiran tarho, inda ma'aikata suke zare igiya daga wannan rami su soka a wancan. Har gobe shi ake gani a bakin makirfo da amfilifaya na masallatanmu. Ƙaraminsa mai milimita 3.5 ya zo da ƙananan rediyoyin aljihu a shekarun 1950, kuma Walkman na kamfanin Sony, wanda ya fito a 1979, shi ya yaɗa shi duniya.

Waɗanda suka riƙe waya a farkon zuwan GSM Nijeriya a 2001 za su tuna cewa a da ba haka abin yake ba a wayoyin hannu. Iyafis ɗin Nokia ba ya shiga Sony Ericsson, na Samsung ba ya shiga Motorola, kai ko Nokia biyu ma sai ka tarar bakinsu ya bambanta. Sai wajen ƙarshen shekarun 2000 kamfanoni suka haɗu a kan rami guda. Daga nan ne iyafis ya zama kamar allura da zare a kasuwa: kowane mai tebur yana da shi, kowace waya tana karɓar sa, maƙwabci yana aron na maƙwabci. Ba ya buƙatar batir, domin ɗan abin da yake ci daga wayar yake sha. Duk mai ƙaramar masana'anta yana iya ƙera shi ba tare da ya nemi iznin wani kamfani ba, shi ya sa farashinsa ya faɗi ƙasa warwas. Wannan daidaito da aka sha wuya kafin a same shi, shi ake warwarewa yanzu.

3. Hujjojin masu cirewa

Ba Apple ne ya fara ba. Oppo ya fitar da R5 babu ramin a 2014 don neman siranta, LeEco da Motorola suka biyo baya a farkon rabin 2016. Amma ranar 7 ga Satumba, 2016, da aka bayyana iPhone 7, ita ce ranar da zancen ya zama na duniya. Phil Schiller, wanda yake kula da tallan kamfanin a lokacin, ya tsaya gaban jama'a ya kira matakin da suka ɗauka ƙarfin hali. A taron ne kuma aka nuna abin kunne marar igiya na AirPods a kan dala 159. Kuɗin nan, ko a canjin gwamnati na wancan lokaci, sun haura albashi mafi ƙanƙanta na wata biyu a Nijeriya, wanda a lokacin yake naira 18,000 a wata.

Hujja ta farko ita ce wuri. Cikin waya a cunkushe yake, kuma ramin yana cin fili da za a iya ba batir ko kyamara. Wannan akwai gaskiya a ciki: batirin iPhone 6s yana ɗaukar 1,715 a ma'aunin mAh, na iPhone 7 ya kai 1,960. Hujja ta biyu ita ce ruwa da ƙura, wai duk ƙofar da aka rage an rage mashigar ɓarna. Nan kam hujjar ba ta da ƙarfi. Galaxy S7 na Samsung ya fito a wannan shekarar ta 2016 da raminsa, kuma matakin kariyarsa daga ruwa IP68 ne, alhali iPhone 7 da aka toshe ya tsaya a IP67. Ke nan injiniyoyi sun san yadda ake kare ramin in an so. Hujja ta uku ita ce wai zamani ya wuce igiya, kuma sai an tilasta wa mutane kafin su saki abin da suka saba da shi.

Akwai ta huɗu wadda ba a faɗa a dandalin talla. Apple ya sayi kamfanin Beats mai yin abin kunne a 2014 a kan dala biliyan 3. Duk wanda zai ƙera iyafis mai shiga bakin cajin iPhone, wato Lightning, sai ya nemi lasisin Apple. A 2018 aka daina saka ɗan mahaɗin da ke karɓar tsohon iyafis a cikin kwali, a 2020 aka cire iyafis ɗin da kan caja baki ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Sauran kamfanonin ma da suka ga inda riba take, ba su daɗe ba. Google ya yi wa Apple shaguɓe a tallan Pixel na 2016, shekara guda bayan nan Pixel 2 ya fito babu ramin. Samsung ya yi tallace-tallace yana zolayar masu yawo da mahaɗi, sai ga Galaxy Note 10 a Agustan 2019 a toshe, kuma kamfanin ya janye waɗancan tallace-tallace daga shafukansa.

Ban ce duk masu goyon bayan cirewa 'yan kasuwa ne ba. Mutane da yawa sun gwada abin kunne marar igiya sun ji daɗinsa da gaske. Abin da nake so a lura da shi shi ne irin mutumin da aka sa a gaba lokacin da ake yanke shawarar. Mutum ne mai soket a gefen gadonsa da wuta dare da rana, mai intanet a gida da ofis, wanda in abin kunnensa ya mutu zai sayi wani a ranar. Shi aka auna aka yanka wa rigar, sannan aka aiko mana mu sa.

4. Igiyar da ta zama eriya

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Tashoshin FM suna watsa shirinsu tsakanin megahaz 87.5 da 108. A tsakiyar wannan zango, wajen megahaz 100, tsawon igiyar iska guda ya kai mita 3. Ƙa'idar da masu haɗa rediyo suka sani ita ce, eriya tana kama tasha da kyau idan tsawonta ya kai kusan rubu'in wannan, wato santimita 75. Babbar waya mai shafawa duka-duka tsawonta bai fi santimita 16 ko 17 ba. Eriyoyin da ke cikinta an yi su ne don kira da data, masu aiki a megahaz 900 ko 1,800 da makamantansu, da kuma bulutut mai aiki a megahaz 2,400, inda 'yan santimita kaɗan suka isa. Babu inda za a shimfiɗa santimita 75 a cikinta. Dabarar da maƙera suka yi ita ce su ari igiyar iyafis, wadda tsawonta ya ɗan haura mita guda, ta yi aiki biyu: ta kai sauti kunne, ta kuma jawo tasha daga iska. Shi ya sa in ka buɗe rediyo a Tecno ko Infinix ba ka soka komai ba, sai ta ce maka sa iyafis. Shi ya sa kuma za ka ga yaro ya yanke kunnuwan mataccen iyafis ya bar igiyar kawai a soke, ya kunna lasifika, jama'a su kewaye shi. Na ga wanda ya ƙara wa tasa igiyar wayar jan ƙarfe ya rataya a reshen dogon yaro, kuma tashar da take shiii a da ta fito tangaram.

Wannan dabara ta fi muhimmanci a Sabon Birni da Isa fiye da cikin birnin Sakkwato. FM ba ya tafiya nesa kamar gajeren zango. In ya yi nisa da turken da ke watsa shi sai ya raunana. Tsakanin Sakkwato da Sabon Birni ya haura kilomita 100 ko da a miƙe aka auna, Maraɗi ma da ta fi kusa tana wajen kilomita 80. Mai zaune kusa da gidan Rediyon Rima ko guntuwar waya ya soka zai ji. Mai zaune a ƙarshen inda muryar take kaiwa, shi ne kowane taƙi na igiya yake yi wa amfani.

Abin kunne na bulutut ba ya wannan aiki, domin babu igiyar da za ta kama tasha. Wanda ya sa shi yana son jin labarai, sai dai ya bi ta intanet, ya ƙona data, kuma sai da sabis. Rediyon FM kuwa ba ruwansa da layi, ba ruwansa da kati, ko babu sim a wayar yana yi.

Mun ga ranar wannan a 2021. A ranar 3 ga Satumba aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, don a datse hanyar da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto suke magana. Ranar 20 ga watan, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya tabbatar da cewa an yi haka a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Makonni suka yi ta wucewa babu kira, babu saƙo, babu WhatsApp. Waɗanda suke dab da iyaka suka koma neman layukan Nijar. Saura kuwa, babbar wayar da aka saya da kuɗin buhunan gero ta koma tocila da abin jin abin da ke memori. Ƙofa ɗaya ta rage mata ta jin abin da duniya take ciki, ita ce rediyon FM, kuma makullin wannan ƙofa igiyar iyafis ce. Ba ina muhawara a nan kan ko rufe layin ya yi amfani ba, wannan zance ne na wata takardar. Abin da ya tabbata shi ne, a yankinmu sabis abu ne da ake iya ɗaukewa da umarni, ko ya ɗauke da kansa idan rashin tsaro ya hana kai wa turke man janareto. Dattijon da na ba ku labarinsa abin da ya gani da idonsa yake tambaya a kai.

Ko a Amurka an taɓa farga da wannan. A Satumban 2017, bayan guguwar Harvey da Irma da Maria sun kayar da turakun waya, shugaban hukumar sadarwar ƙasar, Ajit Pai, ya fito ya nemi Apple ya buɗe rediyon FM a wayoyinsa don ceton rayuka. Amsar kamfanin ita ce iPhone 7 da 8 ba su da na'urar FM, ba su kuma da eriyar da za ta kama shi. Su guguwa ce take zo musu a kaka ta wuce. Mu namu yanayin ya shekara nawa bai wuce ba.

Kada a manta kuma da matsayin rediyo a wurin Bahaushe. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka ta fara a 1979, Faransa ta shigo a 2007, kuma tashoshin FM na gida sun daɗe suna karɓar shirye-shiryen irin waɗannan kafafe suna sake watsawa. Sanarwar ganin wata, ranar rigakafi, farashin hatsi, gargaɗin ambaliya idan gulbi ya cika, duk ta nan suke isowa ga wanda bai yi boko ba.

5. Caji abin saye ne

Tambayar dattijon ta biyu ta fi ta farko sauƙin ganewa ga duk wanda ya kwana a ƙauye. A yawancin garuruwan yankin, mai cajin waya shi ne NEPA. Rumfa ce da allon katako mai jerin soket, janareto yana kuka a baya ko faranti biyu na sola a kan rufi, kowace waya an liƙa mata lamba, an ba mai ita ɗan kati. Biya ake yi a kan kowane kai. Iyafis mai igiya bai taɓa shiga wannan layi ba. Na bulutut kuwa batir uku ne: ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu, ɗaya a akwatin. Kunnuwan suna yin 'yan sa'o'i su mutu, akwatin ya ɗan farfaɗo da su sau kaɗan, sannan shi ma ya nemi soket. An ƙara wa magidanci baki guda a cikin masu cin kuɗin caji.

Kuɗin cajin kuwa yana bin man fetur. Tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da take ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wato hanyoyin nan biyu da aka ce su maye gurbin igiya, caji da data, duka sun yi tsada a lokaci guda. A matakan tsaro na 2021 ma an hana sayar da fetur a jarka, wanda da shi masu janareto suke saye, kuma a Jihar Katsina har sana'ar cajin aka dakatar a ƙananan hukumomi da dama.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, kuma zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Ƙwayar batirin da ke cikin abin kunne ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, an kuma manne ta da gam yadda ba a iya sauya ta. Masu nazarin gyaran kaya na iFixit sun ba AirPods sifiri cikin goma a sauƙin gyara. Na araha da ke cika kasuwanninmu bai fi shi gyaruwa ba. Yaron rumfar nan yana iya yanke bakin iyafis mai igiya ya yi masa dalma ya tashi. Na bulutut in ya mutu sai bola, da batirinsa, a inda awaki suke kiwo da yara suke wasa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba.

Za a ce ai ga mahaɗi, a soka a bakin caji na USB-C a ci gaba da amfani da tsohon iyafis. Wanda ya gwada ya san wahalar. Mahaɗin iri biyu ne masu kama da juna a ido. Wani akwai 'yar na'ura a cikinsa da ke juya lambobi su zama sauti, wani kuwa igiya ce zalla da ke jiran wayar ta yi wannan aiki. In ka sa na biyun a wayar da ke buƙatar na farko, shiru za ka ji, kuma mai tebur ba lalle ya san wanne ya sayar maka ba. Ko ya yi sauti, ba tabbas rediyo zai yi, domin wayoyi da yawa da aka cire wa ramin an cire musu FM ɗin gaba ɗaya. Sannan ƙofa ta zama ɗaya: ba ka caji kana saurare, kuma bakin cajin nan, wanda dama yana cikin abin da ya fi kai waya wurin mai gyara, an ninka masa aiki. Ranar da ya lalace, caji da sauraro sun tafi tare.

6. Inda hujjata take da rauni

Adalci ne in faɗi abin da za a iya mai do mini da shi. Ƙurar hunturu tana cika ramin, har waya ta ɗauka an soka mata iyafis ta hana lasifika magana. Masu gyara sun saba da wannan. Iyafis na araha ba ya ƙarko, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. 'Yan kabu-kabu da direbobi da matasa masu aiki da hannu biyu sun fi son na bulutut, kuma suna da hujja, igiya tana sarƙewa. Mafi ƙarfi duka, ƙananan wayoyi masu madannai irin na Itel da yawansu suna kama FM ba tare da an soka komai ba, ga kuma akwatin rediyo mai batir da ke kama gajeren zango, wanda wayar hannu ba ta kamawa ko da igiya.

Na yarda da duk wannan. Amma a duba abin da amsar take nufi: wanda ya tara kuɗi ya sayi babbar waya, sai ya sake riƙe ƙarama ko akwatin rediyo don ya sami abin da wayar bara take ba shi kyauta. Kuma ranar gudu, abin da ke aljihu shi ke bin mutum. Akwai kuma sauraron da ba ya son lasifika. Matar da take ɗaki guda da mutum goma a makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, in tana son jin tafsiri ko karatun Alƙur'ani da dare, ko saƙon murya mai tsawo daga ɗan'uwa, igiyar nan ce sirrinta. Tsohon da yake son jin Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, daga memorinsa bayan sallar isha'i, a garin da aka koyi kwana shiru, ita ce tasa.

7. Kasuwa da hukuma

Wani zai ce me ya kawo wannan damuwa, alhali yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu suna da raminsu? Gaskiya ne. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda yake riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, ya gina sunansa ne a kan sanin bukatunmu: layi biyu, batir mai daɗewa, rediyo. Ƙananan samfuransa har yanzu suna zuwa da ramin. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A gidan Samsung, Note 10 mai tsada ya fito babu ramin a 2019. Galaxy A52 na 2021 yana da ramin, A53 na 2022 babu. A15 yana da shi, A16 da ya fito a ƙarshen 2024 babu. Cikin shekara biyar abin ya gangaro daga wayar attajirai zuwa wadda malamin firamare yake tara kuɗi ya saya. Transsion kansa yana da Oraimo mai sayar da abin kunne na bulutut, don haka ribar da ta ja wasu tana gabansa shi ma. Ga kuma wayoyin gwanjo da ake kira Landan yus, masu shigowa ta Ikeja da kasuwar Farm Centre ta Kano su watsu har ƙauyuka, yawancinsu manyan samfura ne na shekarun baya da aka riga aka toshe.

Wasu ƙasashe ba su zura ido ba. Meziko ta kafa ƙa'ida a 2017 cewa wayar da take da na'urar FM kada a kulle ta. A Afrilun 2023 ma'aikatar kula da kayan lantarki da fasahar sadarwa ta Indiya ta shawarci maƙera su bar rediyon FM a buɗe a wayoyinsu, ta kafa hujja da talakawa da lokutan bala'i. Tarayyar Turai ta tilasta bakin caji iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024, har Apple ya saki Lightning a iPhone 15. Ashe hukuma tana iya gaya wa maƙeri irin ƙofar da zai bari a jikin waya, in kasuwarta tana da girma. Ta Nijeriya tana da girma.

NCC tana da sandar a hannunta, domin doka ta ce sai ta amince da samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasar nan. Ban nemi a hana shigo da wayar da ba ta da rami ba. Mai so ya saya. Abin da nake nema shi ne a sa sharaɗi a kan wayoyi masu sauƙin kuɗi cewa su zo da rediyon FM mai aiki ba tare da data ba, ko ta ramin iyafis ko ta eriyar ciki, kuma wadda take da na'urar kada a kulle ta. Hukumar da ta ba da umarnin rufe layi a Isa da Sabon Birni ita ta fi kowa sanin dalili. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya cin ko sisi: a wajabta alama bayyananna a bayan kwali, hoton rami da hoton rediyo, da layi a kansu in babu, yadda ɗan da ke Legas zai gani kafin ya biya kuɗi ya sa a mota zuwa gida. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya na Kano da Sakkwato suna iya fara liƙa irin wannan takarda da Hausa, boko da ajami, tun kafin umarni ya fito daga Abuja.